Ranar da Na Ɗaga Maƙwabcin Mama

A duk zaman da na yi a birnin Greensboro na Amurka, akwai wata ranar Laraba da ba na jin za ta fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran. Shekaru sun shuɗe, wasu daga cikin waɗanda abin ya faru da su ma sun riga mu gidan gaskiya, amma duk sa'ad da na ji ana gardama a kan tallafin da gwamnati ke ba tsofaffi da naƙasassu, sai ranar ta dawo mini sabuwa fil.

A lokacin ina cikin ƙarfina. Na yi shekaru ina dakon kaya a wani katafaren sito da ke kan titin Wendover, har Allah ya sa na sayi motar ɗaukar kaya tawa ta kaina, ina kai wa shaguna. Ban taɓa karɓar komai daga gwamnati ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata. Yini nake a kan hanya ina sauraron rediyo, masu shirin kuwa ba su da zance sai na malalatan da ke kwance suna cin gumin masu biyan haraji. Ga shi kuma na san wani ɗan ƙasarmu da ya ce bayansa ya lalace, ana ba shi tallafi, alhali ni da idona na gan shi ya ɗaga injin wanki shi kaɗai. Mutum ɗaya ne tak, amma da shi nake auna kowa.

Muna da ƙungiya ta 'yan Arewa, Musulmi da Kirista, muna haɗuwa Lahadin farko ta kowane wata. Wannan karon a gidan shugabanmu aka yi, wani Alhaji mai kantin magani da ke zaune a Summerfield, can bayan gari inda gidaje ke da fili har ka hango dawakin maƙwabta suna kiwo. Kiristocinmu sun iso daga coci da kwalliyarsu, mu kuma mun yi la'asar a garejin Alhaji, mata sun jera masa da miyar taushe a kan tebur. Ana cikin haka wata dattijuwa da kowa ke kira Mama ta ce tana da magana.

Mama 'yar Filato ce. Ta zo ƙasar nan tun kafin yawancinmu mu san inda ofishin biza yake, ta yi sama da shekara ashirin tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana yi musu wanka, tana juya su a gado, tana ba su abinci a baki. Aikin ya cinye mata gwiwoyi, sai da sanda take tafiya. Duk wanda ya sauka garin nan babu masauki ya san falonta, ni kaina na yi wata guda a kan doguwar kujerarta lokacin da na zo.

Ta ce gwamnati na shirin rage kuɗin da ake kashewa a kan masu zuwa gida su kula da tsofaffi da naƙasassu. Wasu har sun samu wasiƙa cewa za a rage musu awowi. Ta ce ranar Laraba wani ɗan majalisar jiha zai zo zauren wata coci a East Greensboro ya saurari jama'a, tana so mu je a ƙungiyance, a ga fuskokinmu.

Alhaji ya yi gyaran murya. Mutum ne mai natsuwa, ba ya magana da gaggawa. Ya ce, “Mama, maganarki tana kan hanya, amma ki duba. A cikinmu akwai waɗanda takardunsu ba su gama fitowa ba. In muka je muka tsaya gaban kyamara a kan zancen tallafi, gobe a ce ga baƙi nan sun zo cin arziki. Mun sha wuya kafin a san mu da aiki. Ina tsoron mu ɓata wannan a rana ɗaya.”

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ai mu ma muna biyan haraji, kuma rabin matan da ke wurin da wannan aikin kula da tsofaffin suke ciyar da gidajensu. Wani ya ce gwamnati ba ta da rijiyar kuɗi, dole wata rana a tsaya. Murya ta fara tashi, yara suka daina wasa suna leƙowa. Ni kuwa da ma cike nake, sai na miƙe. Na kawo labarin mai injin wanki, aka yi dariya, dariyar ta ƙara mini ƙarfi. Daga nan na faɗi maganar da har yau in na tuna ta nake jin kunya. Na ce duk wanda ya yi aiki tsakani da Allah a ƙuruciyarsa, ya yi tanadi, ba zai zauna jiran gwamnati a tsufansa ba.

Matata ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kwano. Sai a lokacin na lura da wanda na faɗa wa maganar: tsohuwa da sanda a gefenta, wadda ta yi aikin da ni ba zan iya kwana uku ina yi ba. Na jira ta wanke ni tas, kuma da ta yi, babu wanda zai ga laifinta. Ta dube ni kawai ta ce, “Na ji ka, ɗana. Zauna ka ci abincinka kada ya huce.”

Aka kaɗa ƙuri'a, aka tsaya a kan cewa ƙungiya ba za ta je ba, amma wanda ya ga dama ya je don kansa. Mama ba ta nuna ɓacin rai ba. Da aka tashi, ina buɗe wa yara ƙofar mota sai na ji ƙarar sandarta a bayana.

Ta ce, “Ranar Laraba kana da aiki?”

Na ce, “Akwai, Mama, amma ba mai yawa ba ne.” Na fara laluben yadda zan ba ta haƙuri.

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. “Ra'ayinka naka ne, ka riƙe abinka. Motar matarka nake so, wannan babbar, da kai a ciki. Ina da maƙwabci mai keken guragu da zai je taron, motar naƙasassu kuwa ta cika. Ka zo da sha ɗaya.”

Mutumin da ya kwana wata guda a falon mace ba shi da bakin ce mata a'a. Na ce to.

Ranar Laraba na isa unguwarsu a kan lokaci. Unguwa ce ta baƙaƙen Amurka tun kaka da kakanni, ƙananan gidaje da baranda, kusan kowace kwana da coci. Gidan maƙwabcin na jikin na Mama, an yi masa gangaren katako a bakin ƙofa saboda keke. A hanyar shiga ta ba ni labarinsa a gurguje. Ya yi rayuwarsa yana aiki a masaƙa har aka rufe ta. Ciwon suga ya sa an yanke masa ƙafa ɗaya, daga baya ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Matarsa ta rasu, ɗansa tilo ma ya rasu. Fanshonsa yana isarsa abinci da wuta, iyakarsa ke nan. Wata ma'aikaciya tana zuwa da safe ta tashe shi, ta yi masa wanka, ta ɗora shi a keke, ta dawo da ƙarfe bakwai na yamma ta mayar da shi gado. Wasiƙar da ya samu ta ce zuwan yamman za a soke.

Na ce, “Ke fa, Mama, nawa za a rage miki?”

Ta ce, “Ni ba a turo mini kowa. 'Yata na taimaka mini, ina iya wankana. Ba ni cikin lissafin.”

Wannan ya ɗaure mini kai. Duk gardamar da aka yi ranar Lahadi na ɗauka kanta take yi wa yaƙi.

Muka same shi a falo, dattijo dogo da furfura, sanye da farar riga da aka goge. Ma'aikaciyar ta shirya shi tun safe ta wuce wani gida. Ya miƙo mini hannun hagu muka gaisa, ya ce da Turanci ya gode da na ɓata lokacina. A kan kujera an ajiye kwat da taye. Ya ce ba zai je gaban ɗan majalisa ba sai da su, don a gidansu ba a zuwa wurin hukuma da riga kawai. Na taimaka masa ya zura hannun da ya shanye, abin da na ɗauka minti ɗaya zai ci ya kai mu minti goma. Na ɗaura masa taye ya karkace, Mama ta kwance ta sake.

Har mun kama hanyar ƙofa sai ya tsayar da keken. Ya kira Mama kusa ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta juyo ta ce mini da Hausa, “Yana so ya kewaya kafin mu fita. Da can ni nake taimaka masa in ta kama, amma yanzu gwiwata ba za ta ɗauke mu mu biyu ba. Kai za ka yi.”

Ban san sa'ad da na ce, “Ni, Mama?” ba.

“Akwai wani a nan bayan kai?”

Gaskiya na so in gudu. Mahaifina ya yi jinyarsa ya rasu a gida ina nan ina aika kuɗi, ƙannena ne suka yi ɗawainiyar. Ban taɓa riƙe babban mutum a irin wannan hali ba. Amma na tura keken zuwa banɗaki, Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta juya mana baya tana ba ni umarni kamar sabon ɗan koyo.

“Ka danne birkin keken tukuna, duka biyun. Sa ƙafarka a gaban tasa kada ta zame. Lanƙwasa gwiwa, kada ka sunkuya da baya. Ka rungume shi sosai, ba kwali ba ne. Ka bari ya saƙala hannun hagun a kafaɗarka. In ya ce uku, sai ku tashi tare.”

Ya ƙirga, muka tashi. Na yi shekaru ina ɗaga firij da buhuna, na ɗauka na san nauyi. Nauyin mutum daban ne. Yana numfashi a wuyanka, yana rawa, yana ƙoƙarin taimaka maka da ɗan ƙarfin da ya rage masa, kuma ka san in ka sake shi babu wanda zai tare. Na ji ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna. Sa'ad da nake gyara masa wando, ya ɗaga kai yana kallon silin, ya soma ba ni labarin ƙwallon kwando, wai a zamaninsa ya fi kowa tsalle a makarantarsu. Na gane kunya yake rufewa, tasa da tawa. Na dinga amsawa ina tambayarsa kamar na san wasan. Da muka gama na mayar da shi keke, ya dafa hannuna ya ce, “Yi haƙuri, ɗana. Ba haka nake ba a da.”

Na wanke hannu na daɗe a gaban famfon fiye da yadda wankin ke buƙata.

A mota babu wanda ya tayar da zancen Lahadi. Mama na gaba tana nuna mini hanya, dattijon na baya yana nuna mini inda masaƙarsu take a da.

Zauren ya cika. Kekunan guragu sun yi layi a gaba, ga masu sanduna, ga makafi da 'yan rakiyarsu, ga mata da kayan aikin jinya waɗanda da gani daga aiki suka zo. Daga ƙungiyarmu mutum uku kawai na gani. Ɗan majalisar Bature ne, matsakaicin shekaru, ya cire kwat ya naɗe hannun riga. Ya yi bayani a natse. Ya ce kuɗin da ke shigowa ba ya ɗaukar abin da ake kashewa, ya ce akwai masu ha'inci a cikin shirin, kuma in ba a rage yanzu ba, wata rana shirin gaba ɗaya zai durƙushe, har mafi buƙata su rasa. Maganganun da nake yi ne, sai dai ya fi ni iya tsara su. Kafin ya kai ƙarshe aka fara yi masa ihu. Wani ya kira shi maƙaryaci, wata ta ce ba shi da uwa. Fuskarsa ta yi ja, ya koma ya zauna yana kallon takardunsa.

Aka fara kiran waɗanda suka rubuta suna, kowa minti uku. Wasu sun yi kuka, wasu sun yi zagi. Na lura duk wanda ya zage shi, sai ya ƙara sunkuyar da kai yana rubutu, kuma da gani ba abin da ake faɗa yake rubutawa ba. Dattijonmu ya ce shi ba zai yi magana ba, harshensa ba ya fita sosai in ransa ya ɓaci, zuwansa ma ya isa.

Da aka kira Mama, ta ɗauki lokaci kafin ta isa wurin makirufo. Ta jingina sandarta da tebur, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Turancinta irin na gida ne, shekarun Amurka ba su lanƙwasa shi ba. Abin da ta fara yi ya ba kowa mamaki, don jama'a ta juya ta fuskanta. Ta ce, “Mutumin nan ya zo. Akwai waɗanda aka gayyata ba su zo ba. In muka hana shi magana, shi ma ba zai ji tamu ba. Ku bar ni in yi magana da shi.”

Sai ta juya gare shi. Ta ce maganarsa ta ha'inci gaskiya ce, ta gani da idonta. Ta taɓa kai ƙarar abokiyar aikinta da ke sa hannu cewa ta juya wata tsohuwa a gado alhali ba ta leƙa ɗakin ba, har tsohuwar ta yi gyambo. Ta ce a kama irin waɗannan, ita za ta fara ba da shaida. Ɗan majalisar ya ɗago kai, karo na farko tun da ya zauna.

Ta nuna dattijon ta ce, “Wannan maƙwabcina ne. Ya yi aiki a masaƙa har aka kulle ƙofarta, bai taɓa zama a gida da lafiyarsa ba. Yanzu an rubuto masa cewa mai zuwa da yamma ba za ta ƙara zuwa ba. Ni ban yi karatun kasafin kuɗi ba, yallaɓai, ba zan yi gardama da kai a kansa ba. Tambaya ɗaya nake da ita. Da ƙarfe bakwai na yamma yana kan keken nan, gadonsa yana taku huɗu daga inda yake. Wa zai ɗaga shi?”

Ta tsaya tana jiran amsa. Agogon minti ukun yana tafiya, ba ta damu ba. Ɗan majalisar ya fara cewa akwai iyali da coci-coci da ƙungiyoyin sa kai. Ta ce iyalinsa suna maƙabarta, 'yan cocinsu kuwa su suka yi masa gangaren ƙofa, amma yawancinsu sa'o'insa ne, su ma ɗaga su ake yi. Ta ce in babu mai ɗaga shi, zai kwana a keke har jikinsa ya ɓaci, ko ya gwada da kansa ya faɗi. Daga nan sai asibiti, daga asibiti sai gidan tsofaffi. “A can na yi aikina, na san abin da gado ɗaya ke ci. Ku za ku biya, kuma ya fi abin da kuke so ku rage. Shi kuma ya rasa gidansa.”

Mai kula da lokaci ta ɗaga kati alamar ya ƙare. Mama ta ce saura magana ɗaya, sai kawai na ga ta nuno ni. Na ce a raina yau za ta rama.

Ta ce, “Ka ga wancan da ke tsaye a bayan keken? Ɗana ne, ɗan ƙasarmu. Ra'ayinsa irin naka ne, ranar Lahadi ma ya faɗa mini a gaban jama'a. Amma yau ya bar aikinsa, shi ya ɗaga maƙwabcina ya kai shi banɗaki, ya dawo da shi, ya kawo shi nan. Saboda haka na san mutum zai iya riƙe irin ra'ayinka kuma ya zama mutumin kirki. Ban zo da zaton kai mugu ba ne. Na ɗauka dai ba ka taɓa ɗaga kowa ba. In ka samu lokaci ka zo, zan nuna maka yadda ake yi.”

Ta ɗauki sandarta ta kama hanyar kujera. Ba a yi tafi nan take ba, sai da ta kusa zama. Ni kuwa na riƙe hannun keken nan gam, idona a ƙasa. Ta tona mini asiri kuma ta rufa mini shi a cikin numfashi ɗaya. A ce ta zage ni, da na samu abin da zan riƙe in kare kaina. Yabon da ta yi mini ya fi ƙarfina, don na san ba da son raina na zo ba.

Ɗan majalisar ya jawo makirufo ya ce ba shi da amsar tambayarta, kuma ba zai ƙirƙiro ba. Da aka tashi ya sauko ya zo har inda muke. Ya durƙusa a gaban keken don idonsa ya yi daidai da na dattijon, suka yi magana kaɗan, ya sa wata ma'aikaciyarsa ta karɓi lambar Mama.

Zan so in ce maganar Mama ta juya komai, amma ba haka aka yi ba. An yi ragin. Ɗan majalisar ma, yadda muka ji, bai canza ƙuri'arsa ba, bai kuma zo koyon ɗagawa ba. Abin da ya yi shi ne, ofishinsa ya nuna wa Mama yadda ake neman a sake duba lamarin mutum, suka bi mata takardun. Sai da aka yi wata huɗu kafin a mayar wa dattijon zuwan yamma, shi ma na kwana biyar a mako.

Waɗannan watanni huɗun su suka ƙara nuna mini ko wace ce Mama. Ba ta zauna zagin gwamnati ba. A taron ƙungiya na gaba ta zo da takarda mai ranakun mako, ta ce tana neman maza masu lafiyar baya, kowa yamma ɗaya. Ba ta tuna wa kowa ƙuri'ar da aka kaɗa ba. Na ɗauki Laraba. Alhaji ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, ya ce, “Mama, har yanzu ina nan a kan bakana, ƙungiya ba ta shiga siyasa.” Ta ce, “Na sani, Alhaji. Alhamis ko Juma'a?” Ya rubuta Alhamis. Tun daga Summerfield yake tukowa, ya cire babbar riga ya rataye a ƙofa, Mama na tsaye tana gaya masa ya lanƙwasa gwiwa. Su biyun ba su daina gardama a kan tallafi ba har ƙarshe, ina jin ma daɗinta suke ji.

Ko da aka dawo da ma'aikaciyar, mun ci gaba da riƙe Asabar da Lahadi. Dattijon ya ƙara shekara biyu da wani abu a gidansa. Ya koya mini ƙwallon kwando a talabijin, ni kuma na koya masa cin tuwo da hannun hagu. A gadonsa ya cika, wata safiya, ma'aikaciyar na gefensa. A jana'izarsa a coci, layi guda cur 'yan Arewa ne, rabi da hula. Mama ta koma wurin 'yarta daga baya, da gwiwar ta ƙi sam, can ita ma ta ƙarasa nata kwanakin.

Ban zama ɗan siyasa ba, kuma ba zan ce na gane kasafin kuɗin gwamnati ba. Har yau na yarda akwai masu ha'inci, na kuma yarda kuɗi ba ya isa kowane lokaci. Mutane masu hankali suna saɓawa a kan inda za a rage, kuma za su ci gaba da saɓawa. Abin da na koya shi ne, ba ni da hurumin yanke hukunci a kan mutanen da ban taɓa shiga ɗakinsu ba. Ragin da ake faɗa a rediyo cikin daƙiƙa biyar, a wani gida yana nufin dattijo zai kwana a zaune. Duk wanda zai goyi bayan ragi, to ya goya da saninsa, ya kuma shirya amsa wa zai tsaya a gurbin abin da aka cire. Na kuma koyi cewa ana iya kayar da mutum a gardama a bar masa mutuncinsa, kuma wanda aka bar wa mutunci shi ne yake dawowa ya taya ka aiki.

Yanzu ni ma gemuna ya yi fari, in na hau bene sai na tsaya a tsakiya na huta. 'Ya'yana sun girma, kowa ya kama garinsa da aikinsa. Wata rana, in Allah ya ja kwana, wani ne zai rungume ni ya ƙirga uku, wataƙila wanda ban taɓa gani ba, wataƙila ma wanda ake gardama a kan albashinsa a majalisa. Ina roƙon Allah ya sa a lokacin a samu mai tashi ya yi magana a kaina yadda Mama ta yi a kan maƙwabcinta, ita da ba ta da ko sisi a cikin abin da ake rabawa.